Tambayi Bakanike: Ƙara Daban, Ƙarfi Daban

Tambaya: Malam, ina da a-kori-kura mai injin fetur, lita 4.0. Abokina ya cire akwatin iya-kilina na tasa motar, ya ɗaura wata filta mai kama da mazurari a bakin bututun. Yanzu in ya taka totur sai ka ji motar tana gurnani. Ya ce ƙarfi ya ƙaru, shan mai kuma ya ragu. Ni ma in yi? Aljihun nawa ba nauyi.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ɗauki sifana ka fara tambayar abokin naka da me ya auna. In da kunne ne, to kunne ba ma'auni ba ne. Ni ma na yi wa tawa motar wannan aikin ina saurayi, na yi sati ina jin kaina, har ranar da na ɗauko kaya na hau tudu da rana tsaka, na ji motar ta yi laƙwas tana ta ihu ba tafiya.

Ga abin da ya faru. Akwatin da kamfani ya sa ba ya shaƙar iskar cikin bonet, yana da ɗan hanci da ke leƙawa bayan fitila ko cikin madigadi, inda iska ke da sanyi. Ita kuwa filtar mazurari tana zaune ne tsirara, tana zuƙar iskar da ta ratso lagireto ta gasu. Iska in ta yi zafi sai ta yi sharaf, duk digiri 3 da ta ƙara tana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na nauyinta. A ce waje digiri 35 ne, ƙarƙashin bonet kuma 65, ka ga an tafka asarar kusan kashi 9. Injin fetur yana son kilo 14.7 na iska a kan kowane kilo ɗaya na mai. Da kwamfutar motar ta ga iska ta ragu sai ta rage mai, ƙarfi ya bi su. A kan titi da gudu bambancin yakan ragu, don iskar waje na shigowa, amma a cunkoso ko da lodi a tudu, nan za ka gane kurenka.

Gurnanin fa? A jikin bututun kamfani akwai wata gorar roba wadda ba ta da mafita, aikinta kawai haɗiye ƙarar zuƙar iska. Abokinka ya cire ta ne. Batun mai kuwa, a 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da filta toshasshiya. Motoci masu kwamfuta ba su ƙara shan mai na a-zo-a-gani ba, saurin tashi ne ya ragu. In toshewa ba ta ƙara shan mai ba, buɗewa ba za ta rage shi ba.

Abin da nake yi wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne in bar masa akwatinsa, in gyara hanyar da ke kai iska cikinsa. Na kan cire ƙaramin hancin nan in ya matse, in sa tiyo mai faɗi, mai santsin ciki, daga bayan ragar gaban mota zuwa akwatin, ba lanƙwasa mai kaifi, kuma ban taɓa sauke bakinsa ƙasa kusa da taya ba. In ka nace sai mazurari, to yanko falankin alminiyom ka yi masa katanga tsakaninsa da inji, ka bi saman katangar da roba yadda in an rufe bonet za ta manne. Kada ka kawo mini bututun famfo na PVC. Ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba, yana laushi, kilif ya saki ba ka sani ba. Alminiyom da mahaɗin silikon su ne na wurin.

Wuri ɗaya ne ban yarda ka taɓa ba, guntun bututun da sansar auna iska take ciki. Kwamfuta ta san faɗinsa, da shi take lissafi. Ka faɗaɗa shi, sai ta riƙa ƙirga iska ƙasa da wadda ta shiga, fitilar inji ta kama, na'urar gwajin mota ta nuna maka lambar matsala P0171 ko P0101. Haka in filtar wadda ake shafa wa mai ce irin ta kamfanin K&N, ka cika mata mai, yakan fantsamu a kan siririyar wayar sansar ya rikita ta.

Sai maganar da ta fi damuna, ƙura. Injinka a juyi 3,000 yana iya zuƙar kusan lita 6,000 na iska a minti ɗaya. An taɓa kawo mini wata a-kori-kura mai turbo tana shan baƙin mai tana hayaƙi, mai ita yana rantsuwa filtarsa sabuwa ce. Gaskiya ya faɗa. Na zura farin tsumma cikin bututun da ke bayan filta, ya fito da gari mai laushi kamar hoda. Na juya tiyon, sai ga tsaga a ƙasansa, tsawon farce, daidai inda suka yi haɗin gida. Fukafukan turbo duk sun dakushe, silinda ta yi sheƙi kamar madubi, ringi sun cinye. Wannan ciwo ba sabo ba ne. Tun 1915 wani Ba'amurke, Frank Donaldson, ya ƙera matatar iskarsa ta farko saboda wata tarakta da ƙurar gona ke kashewa a jihar Utah ta Amurka. Duk gyaran da ka yi, bayan sati ka yi gwajin farin tsumman nan.

Tambaya: Malam, jif ɗina na dizal ne, kuma da damina ina tsallaka rafi. Ina so in haɗa masa dogon bututun shaƙar iskar nan da ke hawa gefen gilashi da kaina. Zai yiwu?

Amsa: Zai yiwu, Alhaji, amma wuyar aikin ba a bututun da ake gani take ba, tana mahaɗai. Ruwa ba ya matsuwa. Injin dizal kuwa yana matse iska ninki 16 zuwa sama, gurbin da ke saura a kan fistan kaɗan ne, ruwan da bai cika kofi ba ya isa ya lanƙwasa sandar fistan. Saboda haka daga kan bututun har bakin turbo kowace gaɓa sai ta toshe tsaf: murfin akwati, inda ka huda madigadi, da ramin tsiyayar ruwa da ke gindin akwatin, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Ni na kan bar ramin da marfin da za a iya cirewa, don ruwan sama ma yana shiga ta sama.

Da ka gama, ka tada inji ya tsaya a silo, ka ɗora katako mai shafe a bakin bututun, ba tafin hannunka ba. In ya shaƙe ya nemi mutuwa nan take, aiki ya yi. In ya ci gaba da kaɗawa abinsa, yana samun iska ta wani wuri, kuma ta nan ruwa zai bi.

Kada dai ka ɗauka motar ta zama kwalekwale. Giya da difaransha suna da ƙananan hancin numfashi a ƙasa, in suna da zafi suka shiga ruwan sanyi sai su zuƙe shi, man cikinsu ya koma kamar madara. Su ma a ja musu siririn tiyo zuwa sama. Ga kuma wayoyi da kwamfuta. Ko bututun da Toyota ke sa wa Land Cruiser 70, motar da ake ƙerawa tun 1984, babban amfaninsa ɗauke bakin iska ne daga ƙurar taya. In hanyarka mai ƙura ce, sa masa kan nan mai juya iska kamar guguwa, wanda ke watsar da manyan ƙwayoyin ƙasa kafin su kai filta.

Tambaya: Yaron da ke mini sabis yana busa filta da iskar kwamfuresa, ya ce ta koma sabuwa. Ya kuma ce ya huhhuda mini akwatin.

Amsa: Hana shi duka biyun, 'yar'uwa. Iska mai ƙarfi tana fasa takardar, ramukan ba sa ganuwa sai kin haska tocila ta ciki a wuri mai duhu. Filtar da ta ɗan sha ƙura ma ta fi sabuwa tacewa, buɗe akwati kullum shi ke zubar da datti ciki. Huda akwati kuma iskar bonet ɗin nan ce mai zafi zai jawo miki. In kina son sanin lokacin canji, akwai ɗan ma'aunin toshewa da ake ɗaurawa tsakanin filta da inji, manyan motoci da taraktoci sun daɗe da shi. Rami ɗaya ake hudawa, in alamar ta kai ja sai a canza.