Robar ƙasan ƙofar garejina ta tsattsage, ƙura da ruwa na shigowa, ya zanyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ni a Kano nake, shekara 6 kenan da aka samin ƙofar gareji irin mai ɗagawa sama da rimot ɗinnan. To yanzu baƙar robar dake ƙasanta duk ta bushe ta tsattsage, gefe ɗaya ma ta zazzago tana lilo. Da hunturu ƙura kamar ba'a rufe ƙofar ba, da damina kuma ruwa har ƙarƙashin mota, rannan ma yarinyata taga kunama a bayan buhun gawayi. Yaron dake wanke min mota yace in dinga shafa mata baƙin mai zatayi laushi, wani mai walda kuma yace ya yanko min tsohon tub na taya ya kafa. Wanne zanbi? Ko sai na canza ƙofar gaba ɗaya?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya tsare gaba, a gaida 'yar tamu. Ƙofarka ƙalau take, kar wani ya rufeka da baki ya saka kashe kuɗin sabuwa. Robar nan dama abin canzawa ce kamar tayar mota, kuma shekara 6 a ranar Kano, wadda a watan Afrilu zafi ke kaiwa digiri 40, wallahi ta yi maka ƙoƙari.

Baƙin mai dai a'a, dan Allah kar a sake. Shi da giris da kananzir da Vaseline duk 'yan gida ɗaya ne, daga fetur suke, kuma roba bata shiri dasu. Ranar farko zakaga tana sheƙi kace an dace, bayan 'yan makonni sai ta kumbura tayi laƙwam, in kuma ta PVC ce, wato irin ta filastik ɗinnan, sai ta ƙara ƙandarewa, ga ƙurar hunturu ta samu wurin mannewa ta zama kamar sanfefa tana cin robar duk sanda ƙofa ta sauka. Abinda ake shafa mata shine silikon na fesawa, kuma shima ga robar da take da rai ne. Wadda ta riga ta tsage ba abinda zai dawo da ita.

Amma kafin ka tafi kasuwa, ga abinda nake sa kowa yayi, don rabin mutanen da suke kirana akan roba, in naje sai in tarar ba ita kaɗai bace mai laifin. Da rana tsaka ka shiga garejin ka rufe ƙofa ka kashe fitila, sai ka tsuguna ka duba ta ina haske ke shigowa. In siririn haske ne tun daga wannan bango zuwa wancan, to robar ce ta mutu, magana ta ƙare. In a tsakiya ne kawai ko a lungu ɗaya, to daɓen ne bai daidaita ba, ko birkila tun farko bai ja lebur ba ko kuma simintin ya zauna. In kuma haske na ƙaruwa a hankali daga dama zuwa hagu kamar an yanka kankana, ƙofar ce ta karkace, ma'ana cikin wayoyin ƙarfe biyu dake ɗaga ƙofar ɗaya ta fi ɗaya saki, wannan kam ba aikinka bane, zan dawo kanshi. Kar ka raina ɗan ƙaramin haske, ramin da fensir zai shiga ƙaramin ɓera ma zai bi, balle kunama da kyankyaso.

Sai maganar siye, nan mutane suka fi asara. A ƙasan ƙofar akwai wani dogon alminiyam mai ramuka guda biyu a jere, cikinsu ake zura bakin robar sai ta lanƙwashe ta zama kamar harafin U. Bakin nan kala-kala ne, akwai mai siffar T, akwai mai dunƙulallen kai kamar ƙwayar carbi, akwai kuma mai rami ɗaya wadda take kamar tiyo. Ita kanta mai T ɗin girma biyu aka fi samu, kwatan inci da kuma 5/16, da ido bazaka bambance su ba amma in ka ɗauko ba daidai ba ko taƙi shiga ko ta dinga zamewa. Don haka ka yanki ɗan guntu kamar tsawon yatsa daga tsohuwar, ka saka a aljihu ka tafi dashi. A Kano ka fara da masu kayan gini na Ƙofar Ruwa ko masu haɗa irin ƙofofin, in Abuja ta kamaka akwai Dei-Dei. Ka tambayi ta EPDM, sunan wani nau'in roba ne, ita tafi jure rana, ta PVC tafi araha amma a garinmu saurin bushewa take. Faɗinta kuma in an shimfiɗe ana samun inci 3, inci 4 har inci 6, in daɓenka nada kwari ka ɗauki mai faɗin, don ita zata cike gurbin. Ka auna faɗin ƙofar da tef, galibi ta mota ɗaya ƙafa 8 ko 9 ce, ta mota biyu ƙafa 16, sai ka ƙara kamar ƙafa ɗaya akai, gara ta ragu da ta gaza.

Sakawar aikin mutum biyu ne, ba wuya sai dai haƙuri. Ka ɗaga ƙofar daidai ƙirjinka, ka zare filogin injin daga soket tukunna kar wani yaro ya danna rimot hannunka na ciki. Ka duba ƙarshen alminiyam ɗin, yawanci an ɗan matse bakin da filaya ko an ɗaura ƙaramin sukuru don kar robar ta gudu, sai ka buɗe da sukudireba, ka janyo tsohuwar, in taƙi ka yayyanka ta ka fitar gutsi-gutsi. Yanzu ga wurin da kowa ke tsallakewa: ramukan. Shekara 6 na ƙura da laka da gidan zanzaro suna ciki, sai ka kankare da sukudireba ka bi da tsohon buroshin haƙori da ruwa, inda ya lotsa ka miƙar dashi. Sabuwar robar ka shanyata a rana kamar rabin awa ta saki jiki, ka jiƙa ramukan da ruwan omo, mutum ɗaya na turawa ɗaya na ja a hankali. A hankali fa nace. In kuka ja da ƙarfi zata miƙe, kuga ta kai, ku yanke, bayan sati biyu ta koma tsayinta na gaskiya sai kaga lungu a buɗe, lungun nan kuma shine ƙofar kunama. In ta shiga ka barta ta huta kaɗan, ka bar rarar inci 2 kowane gefe ka cusa ta cikin U ɗin, sannan ka sake matse bakin.

Abinda nace zan dawo kanshi: a kowane lungu na ƙasan ƙofar akwai wani ƙarfe da waya ke ɗaure a jiki, wayar ta hau sama zuwa sifirin. Alhaji kar ka kwance notinsa, kar ka bari yaron gida ko mai waldan unguwa ya taɓa. Nauyin ƙofar gaba ɗaya yana kan sifirin ɗinnan, in ya kufce yana karya hannu yana fasa fuska. Canza roba bai buƙatar a taɓa shi sam, in karkacewa ce a kira wanda ya iya.

Da ka gama ka maida wuta ka gwada. Sabuwar roba tafi tsohuwar kauri, to wani lokaci injin zai ɗauka wani abu ya tare shi sai ƙofar ta taɓa ƙasa ta koma sama, ba lalacewa bace, saitin iyakar saukarta ake ɗan ragewa, yana jikin injin. So ake robar ta ɗan danne, ba ta baje kamar an taka ƙosai ba. Sannan ka kwantar da katako tu-bai-fo a ƙasa ka danna rimot, in ƙofar ta taɓa shi dole ta koma sama da kanta, in bata koma ba a gyara kafin yara su ci gaba da wasa a wurin.

Maganar ruwa kuma gaskiya zan faɗa maka, in gangaren tsakar gidanka garejin yake kallo, ko robar zinare ka saka ruwan Agusta sai ya shiga. Akwai wata roba mai tudu kamar rabin inci da ake mannawa a daɓe da gam daidai inda ƙofa ke sauka, tana taimakawa sosai, sai dai a wanke wurin ya bushe ƙarau kuma a kwana ɗaya ba'a bi ta kai da mota ba. Aibinta ɗaya, yadda take hana ruwa shiga haka take hana shi fita, in a ciki ake wanke mota ka shiga uku da mofa. In ruwan mai yawa ne ka kira birkila ya yanka 'yar kwata a gaban ƙofar ya rufe da raga, yafi komai. Ƙurar kuma ba ta ƙasa kaɗai take bi ba, ka duba robobin gefe da na sama, suma in sun bushe a canza lokaci ɗaya. Masu shata irin ta shago mai naɗewa, su mai gashin buroshi tafi musu.

Wani abu da baka tambaya ba amma bazan iya shiru ba, tunda naji kace akwai gawayi a ciki: in kana tada janareta a garejin, ko kuna hura gawayi, ko kana barin mota a kunne ƙofa a rufe, to ka sani da ka toshe ramukan nan hayaƙin ba inda zashi sai cikin gida, kuma iskar dake kisa a cikinsa bata da wari bata da launi. Dama can ba wurinsa bane, a fitar da jen waje nesa da taga kafin ma a siyo robar.

Shi kuma mai walda da tub ɗinsa ban ce ƙarya yake ba, a get ɗin ƙarfe mai turawa ko mai buɗewa biyu nima na sha kafa tub ko tsohon bel na inji da faffaɗan ƙarfe, kuma yana tare ƙura daidai gwargwado. Amma a taka sai ya huda ƙasan ƙofar, bel kuma nauyi gare shi zai ɓata ma'aunin sifirin ya wahalar da injin. In an rasa irin bakin taka a kasuwa, gara a canza alminiyam ɗin gaba ɗaya, ana saida shi haɗe da robarsa, sukurori ne kawai ke riƙe dashi. Daga nan kuma duk ƙarshen hunturu da farkon damina a goge robar da jiƙaƙƙen tsumma a fesa silikon, a kuma share tsakuwar dake taruwa a inda take sauka.