Wuƙar da ka gani a fim

Kai yaro, tun safe kake cusa mini wayarka a fuska, wai wace irin wuƙa ce jarumin nan ya zaro daga aljihu, kuma da gaske za ta yi aikin da ya yi da ita. Ajiye masabar nan ka zo.

Wadda ka tsayar da hoton a kanta Buck 110 ce ta Amurka, ko kwaikwayonta. Dubi tagulla a wuya da gindin ƙotar, itace mai duhu a tsakiya, ga ɗan gurbi can ƙarshen bayanta inda ake dannawa ta naɗe. Tun 1964 take kasuwa. Ku yaran yanzu ruwan wuƙa kuke kallo don yana walƙiya, alhali ƙota da makulli ne ke faɗin sunanta. In ka ga mulmulalliyar ƙotar itace da zobe a wuya ana murzawa, Opinel ce ta Faransa, a 1955 suka ƙara mata zoben. In zoben a baya yake ana ja da yatsa, Okapi ce, Jamus ta fara ƙera ta a 1902 kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu. Mai ƙota biyu da ake wulwulawa balisong ce, ta mutanen Filifin. Sauran ka buɗe ido ka koya.

Amma abin da ya yi da ita ƙarya ne. Ya jefa ta ta kafe a ƙyaure, ya zare, ya ɓamɓare akwati da tsininta, sannan ya datse igiya mai kauri a ja ɗaya. Ƙarar nan da ka ji sa'ad da ya buɗe ta, daga baya aka ɗora. Wadda suke kokawa da ita dakusasshiya ce ko ta roba. Wuƙa mai naɗewa ƙarfe biyu ne ƙusa ɗaya ta haɗa, duk ƙarfinta a ƙusar nan yake.

Wannan ƙarya ta taɓa ci mini kuɗi, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani matashi ne ya zo da hoto a waya kamar yadda ka zo, ya ce irinta yake so, ko nawa ne. Muka yi ciniki naira 18,000, ya ba da rabi. Kwana 9 na yi a kanta, na ture aikin mahauta uku da suka saba ba ni abinci. Sifirin mota na samo na buge, na shayar da shi da mai har ya yi yadda nake so. Ƙahon sa na fafe na yi ƙota, ƙusoshin tagulla. Makullin kaɗai sau huɗu ina sakewa, sai da ya zama in ka buɗe ta za ka ji ƙas, ba girgiza ko kaɗan. Na aske gashin hannuna da ita a gabansa. Ya ce gobe zai kawo cikon.

Bayan kwana biyu sai ga shi da abokansa, tsini ya karye, ƙusa ta lanƙwashe, ƙaho ya tsage gida biyu. Wai albasa yake yankawa ta tarwatse. Albasa! Ga ɓawon darbejiya maƙale a cikin ramin ƙotar, da tsinke na ciro shi na nuna masa. Jifan bishiya suka wuni suna yi da ita, suna ɗaukar bidiyo. Ya hau ihu a bakin maƙera wai na yi masa algus, mutane suka taru. Dattawa suka ce in yi haƙuri, yaro ne. Cikon bai zo ba, kafin alƙalamin ma sai da na mayar. Ɗaya daga cikin mahautan nan kuwa bai sake kawo mini aiki ba, ya koma wurin wani.

Jawo gwangwanin can na ƙarƙashin benci. Tana ciki, a naɗe cikin tsumma. Ɗaga ta ga haske ka dubi ƙusar, ka ga inda ta karkace. In ka gama, gawayi ya kusa mutuwa, koma kan zugazugi.