Tambayoyinku: Saƙonnin Bogi a Imel

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum sai na toshe masu turo mini saƙonnin bogi a Gmail, washegari kuma sai ga wasu. Ina mafita? — Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Adireshi ɗaya tak toshewa take kamawa, su kuwa kusan kowane saƙo da sabon adireshi suke turo shi. Ki riƙa danna "Report spam", domin da shi matatar Gmail take koyon kamannin irin wannan saƙo. Abin da ya shiga akwatin Spam yana gogewa da kansa bayan kwana 30. Kada ki ba su amsa, kada kuma ki taɓa "Unsubscribe" a saƙon da ba ki san mai shi ba, don kin tabbatar musu ke nan cewa adireshinki yana aiki. Nan gaba idan za ki yi rajista a wani shafi, rubuta sunanki+kasuwa@gmail.com, wato adireshinki na kullum da ƙarin + da wata kalma, kowane shafi da tasa kalmar. Saƙo zai iso miki kamar kullum, ranar da shara ta fara zuwa ta wannan adireshin kuma kin san wanda ya fitar da shi.

Tambaya: Malam, an turo mini imel da sunan bankina ana neman BVN ɗina. Yaya zan gane ainihin inda ya fito? — Wani ɗan kasuwa daga Sakkwato

Amsa: Alhaji, kada ka tura, banki ba ya neman wannan ta imel. Sunan da ke layin "From" kowa na iya ƙirƙirarsa, kamar yadda mai wasiƙa zai rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan. Buɗe saƙon a kwamfuta, domin manhajar waya ba ta nuna wannan, danna ɗigo uku na gefen dama, zaɓi "Show original". Duba SPF da DKIM da DMARC, gwaje-gwaje ne da ke tantance ko saƙon daga inda ya ce ya fito yake. FAIL babbar alama ce ta jabu. Amma PASS kaɗai bai isa ba, sai ka karanta sunan yankin (abin da ke bayan alamar @ a adireshi) harafi-harafi, don ɗan damfara yakan yi rajistar suna mai kama da na banki. Duba "Reply-To" ma, wato adireshin da amsarka za ta tafi, sau da yawa can asirin yake tonuwa.

Sai layukan "Received". Kowace sabar (kwamfutar da ke isar da imel) da saƙon ya ratsa tana ɗora nata a sama, saboda haka na sama ne abin dogaro, na ƙasa ana iya ƙaga su. Ɗauki lambar IP (lambar adireshin kwamfuta a intanet) da ta miƙa wa Google saƙon, ka nema a WHOIS, shafin da ke nuna masu riƙe da waɗannan lambobi. Kamfanin da ke riƙe da lambar za ka gani, ba mutumin ba, kuma wani lokaci kwamfutar wani bawan Allah ce aka yi wa kutse. Tura ƙorafi ga adireshin "abuse" da ke wurin, sannan ka sanar da bankinka.