Lambar yabo ta "Benin 1897": yaya zan gane ta gaske ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina tara tsofaffin kuɗi, yanzu kuma hankalina ya koma kan lambobin yabo na soja. Na ga wata a intanet, ta azurfa, da hoton kan Sarauniya Biktoriya, an rubuta "Benin 1897" a 'yar sandar da ke samanta. Mai sayarwa ya ce ta wani sojan ƙundumbala ce na rundunar ruwan Birtaniya, kuma kuɗin da ya yanka ba kaɗan ba ne. Yaya zan gane ko ta gaske ce? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taya, ka sa mai ita ya ɗauko maka hoton gefenta, zagaye guda, a cikin haske. Fuskar lamba ba ta faɗin komai, domin dubbai aka buga iri ɗaya. Abin da ake biya wa kuɗi yana gefe, inda aka buga sunan wanda aka ba.

Wadda ka gani ita ce lambar Gabashi da Yammacin Afirka, wadda Birtaniya ta riƙa bayarwa saboda yaƙe-yaƙen da ta yi tsakanin 1887 da 1900. Faɗinta milimita 36, ƙyallenta rawaya ne da ratsin baƙi, bayanta kuma hoton faɗa ne a cikin kurmi, zanen Edward Poynter, wanda aka fara amfani da shi a lambar yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874. Sandar "Benin 1897" ta waɗanda suka bi Admiral Harry Rawson ce, su kimanin 1,200, suka ci birnin Benin a watan Fabrairun shekarar, aka tuɓe sarkin birnin, Oba Ovonramwen, aka kwashe kayan tagullar fadarsa da har yau ake ta ja-in-ja a kan dawo da su. Ka san wannan kafin ka rataye ta a falo. Ni dai a wurina shaidar tarihi ce, ba abin tunƙaho ba.

To, a gefen galibi za ka ga sunan mutumin, muƙaminsa da jirgin da ya yi aiki a kai, kamar St George ko Theseus ko Phoebe, waɗanda duk suna cikin ayarin. Sojojin ƙundumbala na wancan zamani kashi biyu ne: masu haruffan R.M.L.I., wato sojojin ƙasa, da masu R.M.A., wato masu igwa. Sai a 1923 aka haɗe su. Da yake a kowane jirgi ba su kai matuƙan jirgin yawa ba, lambobinsu sun fi wuyar samu, shi ya sa dillalai ke ɗora musu kuɗi, shi ya sa kuma maha'inta suka fi son su.

Ha'incin iri biyu ne. Na farko, a sami lambar gaske, a goge sunan asali da magagari, a buga wani. Wannan yana tona kansa: gefen yakan sirance a wajen sunan, lambar ta daina zama cikakken da'ira in ka auna ta ta fuskoki daban-daban, haruffan kuma ba su zauna a layi ɗaya ba. Na biyu ya fi wayo. Lamba ta gaske, suna na gaske, amma an cire sandarta mai araha an maƙala mai tsada. Duba 'yan ƙusoshin da suka riƙe sandar da gilashin ƙara girma. In ka ga alamar dalma ko sabon bugu, ja da baya.

Amma alƙalin ƙarshe shi ne rajista. Rundunar ruwan Birtaniya ta rubuta sunan duk wanda ya cancanci lamba, jirgi-jirgi, kuma littattafan suna nan a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew a Landan, ƙarƙashin lamba ADM 171. Takardun aikin sojojin ƙundumbala kuma suna ADM 159, inda za ka ga ranar haihuwar mutum, garinsu da jiragen da ya zaga. In sunan da ke gefe ba ya cikin jerin jirgin da aka ambata, magana ta ƙare, komai daɗin bakin dillali.

In sha'awar ta yi nisa za ka ji labarin lambar rundunar ruwa ta 1847, wadda ta shafi yaƙe-yaƙen 1793 zuwa 1840 kuma take da sanduna daban-daban har 231. Masu rai kawai aka ba, su ma sai sun nema, don haka wanda ya yi yaƙin Trafalgar a 1805 sai da ya jira fiye da shekara 40. A kanta aka fi yin sauyin sanda, saboda ƙaramin soja sunansa kaɗai ke gefe, ba jirgi: a ɗauki mai sandar "Syria", wadda ta fi kowace yawa, a neme ta da sunan da ya yi daidai da na wani a jerin Trafalgar, sai a maƙala mata sandar Trafalgar. Wannan ba wurin koyo ba ne. Ka fara da duba tsofaffin kundayen gwanjo na gidaje irin su Spink da Noonans, ka ga nawa aka sayar da irin taka, sannan ka yi ciniki.

In ta zo hannunka, kada ka goge ta da man goge ƙarfe. Duhun da azurfa ke yi ba aibu ba ne, amma gogewa tana cinye zanen ta karya farashi. Tsohon ƙyallenta ma ka adana shi ko da ya koɗe, ka nisanta ta da laima.

Wani abu kuma da ya kamata mutumin Zariya ya sa wa ido: ba Turawa kaɗai aka ba wannan lamba ba. Sojojin Hausawa na rundunar Niger Coast Protectorate sun je Benin tare da Rawson, su ma an ba su, kamar yadda Hausawan Kyaftin Glover, wani hafsan Birtaniya, suka yi yaƙin Ashanti tun kafin nan. A rajistar sojan wancan lokaci sau da yawa sunan garin mutum ake haɗawa da sunansa na yanka, don haka in ka ci karo da irin tasu, kana iya karanta Kano ko Katsina a gefen azurfar.