Tambayoyin Masu Karatu: Kuɗin Tallafi a Hannu, Me Yake Canzawa a Gidan Talaka?

Wasiƙun wannan makon sun zo ne daga karkarar Kano da Jigawa, kuma kusan duk a kan kuɗin tallafi suke. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya daga wani manomi a Ringim: Naira dubu 25 sau uku me za ta tsinana wa mai iyali goma? Ba gara a raba mana taki ba?

Malam, gaskiyarka, kuɗin ba su da yawa. Shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya tanadi naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, wato 75,000 ke nan. Wanda ya gabace shi, tun daga 2016, naira 5,000 ne a wata, ana haɗa na wata biyu a bayar da 10,000. Babu wanda ya yi arziki da wannan.

Amma duba yadda shekarar ƙaramin manomi take juyawa. Da kaka yakan sayar da gero da wake a lokacin da suka fi araha, saboda bashi da hidimar biki. Kafin Yuni rumbu ya yi ƙasa, ya koma sayen tiya a kasuwa da tsada. Ruwa na sauka, sai ya tafi ƙwadago gonar mai hali don a ɗora tukunya da yamma, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye. Noman farko da aka makara da shi mako biyu ba ya ramuwa, ko an zuba taki. Kaka ta zo da ɗan abin da bai kai ba, shekara ta maimaita kanta.

A nan kuɗin hannu ke aiki. Idan suka shigo tsakanin Yuni da Agusta, suna saya wa mutum kwanakin da zai tsaya a gonarsa, suna kuma hana shi karya akuya ko cin bashin hatsi da za a biya da ƙari da kaka. Taki kuwa abu ɗaya yake magancewa. Gidan da yaro ke kwance da zazzaɓi ba taki yake nema ba, kuma mun san inda buhun rabo yakan ƙare: a kasuwa, ƙasa da farashinsa.

Tambaya daga wata uwa a Buji: Me ya sa aka fi ba mata? Maigida yana ganin an raina shi.

Baiwar Allah, amsar tana ƙaramar hukumarku. Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, tare da Anka da Tsafe a Zamfara, nan aka gudanar da shirin tallafin masu ciki da goyo wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka aiwatar har zuwa 2019. Ana ba mace naira 3,500 a wata, daga baya aka ƙara zuwa 4,000, tun tana da ciki har yaro ya cika shekara biyu. Kuɗin suna tafiya da wayar da kai: nono zalla wata shida, zuwa awo, abincin yaye mai gina jiki. Masu binciken da suka bi gidajen sun tarar tsumburewar yara ta ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari, kuma matan sun ƙara shiga sana'a da kiwo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Maigida ke kawo tsaba, amma mai da gishiri da daddawa da ƙwai da kunun yaro a hannun uwar gida suke bi. Abin da muke ba da shawara, kada a ɓoye wa maigida adadin. A zauna ranar da kuɗi suka shigo a faɗi abin da za a yi da su. Rigima takan tashi ne inda aka yi ɓoye, ko gidan da ke da kishiyoyi kuma sunan ɗaya kaɗai ya fito.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Dambatta: Ba ya sa lalaci da tsadar kaya?

Malam, an gwada. A gundumar Siaya ta Kenya ƙungiyar GiveDirectly ta ba gidaje sama da 10,500 kimanin dala 1,000 kowanne, a bincike da ya shafi ƙauyuka 653. Farashin kaya bai tashi ba sai da ɗan abin da bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, kuma kowace dala ta haifar da cinikin kusan dala biyu da rabi a yankin, domin mai shago da tela da mai injin niƙa duk sun samu. Masanan Bankin Duniya da suka tattara bincike daga ƙasashe da dama ba su ga ƙaruwar sayen giya da taba ba. Ba a rasa mai ɓarna a kowane gari, sai dai shi ake gani a bakin kasuwa, ba a ganin tukunyar sauran.

Tambaya daga wata bazawara a Gaya: Idan kuɗin suka zo, yaya zan yi su daɗe? Kuma yaya ake shiga?

'Yar'uwa, fara da ciki. Lissafa tiya nawa gidanki ke ci a mako, ki sayi na wata guda, ki ware na magani. Abin da ya rage shi ne jari. Idan kiwo ne, budurwar akuya ta fi rago, don cikinta wata biyar ne kuma takan haifi biyu. Ki je kasuwar Wudil ranar Juma'a da wanda ya san dabba: a duba haƙora, hanci ba majina, gindi ba alamar zawo. Kada ki saya gab da babbar salla. A gida ki ɗaure ta daban na mako biyu, ki nemi malamin dabbobi ya yi mata rigakafin annobar awaki da maganin tsutsar ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe kuɗin duka a kan dabba ba a tanadi harawa da dusa ba, rani ya yi nisa, a sayar da ita a rame da asara. Idan ƙuli-ƙuli ko awara ne, kada bashin maƙwabta ya wuce abin da za ki iya yafewa. Adashi kuma ki shiga wanda cinikinki zai iya zubawa, kada ki dogara da tallafin, don ba kullum yake zuwa kan lokaci ba.

Batun shiga, babu fom na sayarwa. Ana ɗaukar sunaye ne daga rajistar marasa galihu ta ƙasa, inda jama'ar gari da kansu, maza daban, mata daban, matasa daban, suke fitar da gidajen da suka fi talauci, sannan ma'aikata su bi gida gida. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya saka sunanki, ɗan damfara ne. Yanzu ana biya ta asusun banki ko na waya, kuma sai da lambar NIN. Nan ake yawan tuntuɓe: suna a katin ɗan ƙasa Hauwa'u, a banki Kulu, ko layin da aka yi rajista da shi na ƙanen miji ne da ya tafi cirani Legas. Ki gyara sunan ya zama ɗaya, ki riƙe layinki yana aiki. Wajen mai POS ki danna lambar sirri da hannunki, ki tambayi ladan cirewa kafin ya taɓa na'ura, ki ƙirga kuɗin a gabansa, ki karɓi takardar da ta fito. Idan ba ki iya karatu ba, ki tafi da ɗanki ko jikanki ɗan makaranta ya karanta miki saƙon da ya shigo waya.