Abokiyar aikina ta sa ni a gaba

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni malama ce a wata firamare, akwai wata da muke koyarwa tare kullum sai ta kai ƙarata wajen hedimasta wai ina makara, alhali 7:30 nake shigowa. Wallahi na gaji, in tare ta ne a yi ta ta ƙare?

Amsa: Ƙanwata kar ki tare ta, abin da take jira kenan, ki ɗaga murya gaban ɗalibai a ce ke ce mafaɗaciya. Ki riƙa rubuta lokacin zuwanki a rajista duk safiya. Ki gaishe ta, amma ki daina ba ta labarin gidanki. In hedimasta ya sake kiranki, ki ce ranka ya daɗe a ɗauko rajista a duba a gabanta.