Solar Rufi Da Ta Tauraron Ɗan'adam: Kaya Ɗaya Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai haɗa sola ne a Tudun Wada, Kaduna. Shin irin faifan da muke ɗorawa a rufi ake sa wa tauraron ɗan'adam, ko nasu daban ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Asalinsu ɗaya. Tauraron Vanguard 1 da Amurka ta harba a 1958 da silikon ya yi aiki, irin na hannunka. Amma yau akasari an koma ga ƙwaya (wato ɗan yankin faifai mai mayar da haske lantarki) mai hawa uku: galiyom-indiyom-fosfaid a sama, galiyom-asenaid a tsakiya, jamaniyom a ƙasa. Kowane hawa da irin hasken da yake kamawa, shi ya sa take mayar da kusan kashi 30 cikin 100 na haske zuwa lantarki, alhali na rufi mai kyau kashi 20 ne da 'yan kai. Ta kuma fi silikon jure ƙwayoyin elektron da furoton masu ratsa sararin sama. Tsada kam akwai, sai dai kuɗin ɗaga kowane kilo zuwa can ya sa aka fi damuwa da rashin nauyi a kan araha.

Ba a sa gilashi mai kauri da firam irin naka. Kowace ƙwaya da ɗan gilashinta, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, an gauraya shi da sinadarin seriyom don kada ya dushe. Allon kuwa alminiyom ne mai ramuka kamar saƙar zuma, an lulluɓe shi da zaren kabon.

A ganina inda aikin yake shi ne mahaɗa, wato ƙarfen da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya cikin minti 90, wato kusan sau 16 kullum faifanta yana shiga inuwa ya daskare, ya fito rana ya ɗau zafi. Ƙarfe ya buɗe, ya tsuke, shekara da shekaru. In bai tafi daidai da ƙwayar ba, walda ta tsage. Don haka ake zaɓen ƙarfen molibdinom ko gaurayen ƙarfe da ake kira Kovar, a shafe da azurfa, a ɗan lanƙwasa shi ya samu wurin motsi. Kuma ka san can babu mai hawa tsani ya gyara.

Mu ma mun ɗanɗana. Tauraron sadarwa na Najeriya, NigComSat-1, da aka harba daga Sin a 2007 ya mutu a Nuwamba 2008 saboda matsala a ɓangaren solarsa, sai a Disamba 2011 aka maye gurbinsa da NigComSat-1R.